Jan Rubutun da Aku Bai Faɗa Ba

"Tsaya," in ji Alƙali. "Miƙa wa maƙwabciyata takardar ta karanta mini."

Matar ta ɗago kai ta dube ni. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa da tef ɗin awo a wuya. Wandonsa kawai na kawo masa, wanda na rage wa ƙugu karo na biyu cikin wata guda.

"Baba, ai yanzun nan na gama karanta maka ita," ta ce.

"Na ji. Kin ja numfashi a inda babu aya. Ba ta."

Ta miƙo mini ba da son ranta ba. Na ajiye wandon a hannun kujera, na sa tabarau, na fara karantawa a hankali. Sakin layi na farko godiya ce, na biyu kwanan wata da sunan aikin. A na uku na ci karo da wannan: "Na gwada shafin da kaina, na kuma tabbatar ya cika dukkan ƙa'idojin da suka shafi masu amfani da na'urar karatu."

"Sake karanta wannan," ya ce.

Na sake.

"Injiniya, wannan layin yaushe ya tsiro? Ɗazu ban ji shi ba."

Ta murza murfin bironta. Can ta ce manajansu ne ya ƙara shi da safe, ita kuma nauyin faɗa masa take ji.

"Nauyin faɗa kike ji, amma ba ki ji nauyin ɗora hannuna a kai ba," in ji shi. "Ni duk wanda ya kawo mini takarda, alhali ya san ina da kwamfutar da za ta karanta mini, to na san akwai abin da ya ƙunso."

Alƙali bai taɓa zama a kotu ba. Aikinsa ne ya ja masa sunan. Kamfanonin da ke gina shafukan intanet ne suke kawo masa su ya saurara, ya faɗi ko makaho zai iya amfani da su. In ya buga hatiminsa aiki ya wuce, in bai buga ba a koma a gyara. Idanunsa sun tafi tun yana saurayi. A kwamfutarsa akwai wata manhaja da ke karanta duk abin da ke kan allo da murya, shi Aku yake ce mata. Shekara tara ƙofata na kallon tasa a hawa na uku. Ta bango nake jin Aku na zuba da sauri kamar ana zazzage tsakuwa a kwano, shi kuma yana jin keken ɗinkina. Sau da yawa shi ke fara gaya mini allurata ta dakushe.

Mutum ne mai zargi, ba zan ɓoye ba. Mai gyaran famfo in ya shigo, sai ya bi shi har banɗaki yana tambayar sunan kowane ƙarfe. Ni kaina sai da na shekara uku kafin ya yarda in riƙe masa mabuɗin gidansa. Zama da shi ya sa ni ma na koyi halin. Shi ya sa tun ranar da matar nan ta fara hawo mana bene da jakar kwamfuta da ledar lemo, na sa mata ido.

"Maƙwabciya, kada ki tafi," ya ce. "Jawo kujera. Yau ke ce idona. Abin da kika gani za ki faɗa, ba abin da ta ce kin gani ba."

Shafin na wani asibiti ne, inda mutum ke neman ranar ganin likita. Ya ɗora yatsunsa a kan madannai, Aku ya fara: suna, shekaru, sashen da ake nema. Ya cike komai. Ya zaɓi rana, ya danna. Aku ya ce, "Aika," ya yi shiru.

"Me kika gani?"

"Wani jan rubutu ya fito a can sama," na ce. "An ce wannan ranar ta cika, a zaɓi wata."

"Aku ya faɗa?"

"Bai faɗa ba."

Injiniya ta gyara zama. Ta yi mini bayani, ni ce baƙuwa a maganar, cewa akwai wasu umarni da ke aiki a bayan shafin, su ne ke fito da jan rubutun nan take ba tare da an sake buɗe shafin ba. Ta buɗe wani littafi a wayarta ta karanto ƙa'idar da suke gardama a kai: idan irin waɗannan umarni suka nuna wani bayani, dole bayanin ya zo a rubutun da na'urar karatu za ta iya karantawa.

"Kuma rubutu ne, Baba, ba hoto ba ne. In ka koma sama da madanni, Aku zai karanta shi. Ƙa'ida cewa ta yi za ta iya. Ba ta ce sai ta karanta da kanta ba."

"In koma sama neman me? Wa ya gaya mini akwai abu a sama?" Ya juyo wajena. "Maƙwabciya, in na turo miki wasiƙa ta ƙarƙashin tabarmar ƙofarki ban ƙwanƙwasa ba, na sanar da ke?"

"Ka dai ajiye takarda," na ce.

"To kin ji."

"Lauyan kamfani ya duba, ya ce mun cika," in ji ta.

"Sai lauyan ya buga nasa hatimin."

Ta tattara kayanta. Lemon ta bar shi a kan tebur. Da ta fita ya ce in ɗauka in kai gidana, shi ba ya cin abin wanda ke jiran sa hannunsa. Ni ma ban ci ba. Na ba masu shara.

A ƙarshen makon 'yarsa ta zo. Malamar makaranta ce a wani gari, ita kaɗai gare shi tun rasuwar mahaifiyarta. Mun haɗu a bene tana hawowa da ledar magunguna, ta tsayar da ni a kwana.

"Inna, ya gaya miki abin da ya faru da shi wata huɗu da suka wuce?"

Bai gaya mini ba. Ashe lokacin da ƙirjinsa ya fara damunsa, ta wannan shafin ya nemi ganin likitan zuciya, tun kafin a kawo masa shi gwaji. Ya zaɓi rana, ya danna, ya ji shiru, ya ɗauka an karɓa. Ya jira mako biyar. Ranar ya yi wanka ya sa kaya ya hau mota har asibitin, aka duba aka ce babu sunansa. Kafin ya samu wata ranar, ƙafafunsa sun kumbura.

"Likita ya ce da an gan shi da wuri..." Ba ta ƙarasa ba. "Kada ki nuna masa kin sani. Kunyar abin yake ji. Wai shi da ke kama kuren mutane, shi aka yi wa."

"Su kamfanin sun sani?"

"Ya rubuta wa asibitin. Bayan nan ne aka turo matar nan."

Na koma ɗakina na zauna a gaban keke ban taka shi ba. Yanzu na gane me ake nema. In hatiminsa ya hau takardar nan, to shi da bakinsa ya ce shafin ba shi da laifi, kuma duk wanda ya zo da ƙorafi gobe, takardar za a nuna masa.

Washegari da hantsi ya ƙwanƙwasa mini. Ya daɗe bai tako zuwa ƙofata ba, taku shida ne amma sai da ya jingina da bango yana haki. Ya damƙa mini wani abu a naɗe cikin hankici.

"Hatimina ne. Ɓoye shi inda ni ma ban sani ba."

"Malam, ko 'yarka ba za ka ba ba?"

"Tana da tausayi. In aka yi mata magana mai daɗi za ta bayar. Ke kuwa ba ki da shi."

"Na gode da yabo," na ce.

Na tura shi ƙasan gwangwanin maɓallai, na ɗora gwangwanin a saman kabad.

Bayan kwana biyar Injiniya ta dawo, wannan karon babu lemo babu takarda. Ina jin takunta na bar ɗinki na bi ta ciki ba tare da an kira ni ba. Ta ce ta yi gyara, ita kaɗai, a lokacin hutunta. Ban yarda ba.

Ya ɗora hannu. Bai gama rubuta harafin farko na sunansa ba Aku ya ce, "Sunan bai cika ba." Ya ƙara harafi. "Sunan bai cika ba." Ya ƙara wani. "Sunan bai cika ba. Saura gurbi shida. Sunan bai cika ba."

Alƙali ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, na miƙa masa ruwa.

"Da kin ba ni bebe, yanzu kin kawo mini mai surutu. Wannan ai sai mutum ya fasa rashin lafiyar."

Ita ma ta yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoranta. Ta ce to yaya yake so? Ya ce ba abin da yake so ake magana ba. Abin da mai ido ke gani ya canza shawara, shi ne makaho zai ji, a daidai lokacin, sau ɗaya. Sauran a bar shi ya nema da kansa. Ta rubuta a ɗan littafinta. Na leƙa in ga ko abin da ya faɗa take rubutawa. Shi ne, kalma da kalma.

Da za ta fita na raka ta har bene.

"Kin san abin da shafin nan ya yi masa?" na tambaye ta.

Ta tsaya da ƙafa ɗaya a matakala. "Na sani, Mama. Ni na gina wannan ɓangaren na shafin."

"To me kike nema a nan?"

Ta gyara igiyar jakarta ta sauka.

Daga nan jikinsa ya yi ta baya. 'Yarsa ta ɗauki hutu ta dawo gaba ɗaya. Aka kai shi asibiti kwana uku, ya matsa sai an dawo da shi, wai ƙarar injinansu ba ta barin mutum ya ji tunaninsa. Aka jera masa matasai uku a gado don in ya kwanta sosai numfashi ba ya fita. Bangon da ke tsakaninmu ya yi tsit.

Wata Talata da rana, 'yar ta fita karɓo magani ta bar ni da shi, sai ga ƙwanƙwasa. Injiniya ce. Na tare ƙofar da jikina.

"Ba ya ganin kowa."

"Minti biyar, Mama."

"Me ke cikin jakar?"

"Kwamfuta ce kawai."

"Buɗe."

Ta buɗe. Na zura hannu har aljihun gefe. Waya, caja, ɗan littafin nan. Babu takarda.

"Maƙwabciya," muryarsa ta fito daga ɗaki, can ƙasa. "In kin gama binciken, bar ta ta shigo."

Ta ɗora masa kwamfutar a kan tire a cinyarsa. Yatsunsa sun kumbura, sai ya danna harafi biyu a maimakon ɗaya, ya goge, ya sake. Ta kai hannu za ta taimaka, ya ture shi. Ya ɗauki kusan minti goma kafin ya kai ga ranar. Ya danna.

"Wannan ranar ta cika," in ji Aku. "Zaɓi wata. Mafi kusa ita ce Alhamis."

Ya lumshe ido. "Maƙwabciya, me kika gani?"

"Abin da ya faɗa, shi ne a rubuce."

"Babu ƙari?"

"Babu."

Na ga Injiniya ta saki kafaɗunta.

"Ya yi," ya ce. "Wannan ya yi. To gaya mini, wannan da na ji, shi ne wanda mutane ke shiga a waje, ko a cikin kwamfutarki kaɗai yake?"

Ta sunkuyar da kai. "A cikin tawa yake, Baba. Manaja ya ce sai ka sa hannu a kan na yanzu tukun, sannan a ɗora gyaran a hankali. Wai in aka ɗora kafin nan, kamar mun amsa laifi ne."

"Ai kun yi laifin."

"Na sani."

"Ki ce masa ya ɗora. In maƙwabciyata ta shiga daga wayarta na ji ya yi magana, a kawo takarda, gaskiyar da ke ciki zan sa wa hannu." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Ki ce masa kuma ya yi sauri. Ba don shi ba."

Ta ɗauke tiren. A bakin ƙofar ɗakin ta juyo kamar za ta ce wani abu, shi kuwa ya riga ya juya fuskarsa wajen taga.

Bai kai Alhamis ɗin ba. Ranar Laraba da safe, rana ta ɗan ɗaga, 'yarsa ta buga mini ƙofa da ƙarfi. "Inna, zo ki duba mini Baba." Na same shi a jingine da matasan nan uku, kansa ya ɗan karkata, kofin shayin da ta haɗa masa yana kan durowa bai huce ba. Ta ce ya tambaye ta ƙarfe nawa, ta faɗa masa, ta je ɗauko cokali. Na taɓa wuyansa, na taɓa hannunsa. Na rufe masa baki, na jawo yarinyar jikina. Allah ya jiƙansa. A ranar aka kai shi.

Kwana huɗu bayan haka, masu gaisuwa sun fara raguwa, sai ga wani mutum da kwat da ƙamshin turare, Injiniya na biye da shi. Manajan ne. Ya zauna a kujerar Alƙali, abin da babu wanda ya yi tun ranar. Ya yi ta'aziyya mai tsawo, ya ce marigayin uba ne a wannan sana'a, ba a taɓa yin kamarsa ba. Sannan ya rage murya.

"Akwai wani ɗan aiki da ya bari. Ya riga ya amince da baki, ranar Talata, ga ma'aikaciyarmu nan shaida. Ya ce ya yi. Hatimin kawai ya rage. In za ki duba mana shi, sai a rufe aikin da sunansa, don a riƙa tunawa da shi."

'Yar ta dube ni, idanunta a kumbure. "Inna, kina nan ranar. Ya ce ya yi?"

Ya faɗi hakan, da kunnena na ji. Na rasa ta inda zan fara warware mata, ga mutumin ya kafe ni da ido yana murmushi. Kafin in haɗa magana ta miƙe ta fara jan durowar teburin aikinsa, ɗaya bayan ɗaya.

"A nan yake ajiye shi," take cewa. "Kullum a nan yake."

"Ki daina nema," in ji Injiniya.

Duk muka juya.

"Bai amince ba. Gyaran da ke cikin kwamfutata ya ce ya yi. Wanda ke waje ya ce a'a, sau uku yana cewa a'a." Ta dubi manajan. "Ranka ya daɗe, na gaya maka haka a ofis."

Manajan ya ce wataƙila ba su fahimci juna ba ne, kuma nan ba wurin wannan maganar ba ne. Ya miƙe, ya sake yin gaisuwa a gajarce, ya fita. Ita ta ɗan tsaya, ta durƙusa ta yi wa 'yar ta'aziyya, sannan ta bi shi. Ina jin takunsu a bene, nasa a gaba da sauri, nata a baya can nesa.

Da yamma na sauko da gwangwanin maɓallai na kai wa 'yar hatimin uban. Ta juya shi a hannu, ta nemi almakashina, ta ɓamɓare robar ta yanka ta gida huɗu.

Injiniya ba ta sake zuwa ba. Ban san ko tana wurin aikin ba har yanzu, ko an sallame ta. Wani lokaci nakan ce don Allah ta yi maganar nan. Wani lokaci kuma in ce ta dai lissafa ne, ta ga ina zaune a wurin kuma na ji komai. Ban yanke ba.

Bayan mako uku, ranar da 'yar ta zo kwashe kaya, ta ce mu gwada. Muka kunna kwamfutarsa, muka shiga shafin asibitin, na waje, wanda kowa ke shiga. Mun sha wahala, don babu wadda ta iya bin Aku a cikinmu, sai da ta nemo inda ake rage masa gudu. Ta cike guraben da sunanta, ta zaɓi gobe, ta danna. Aku ya ce ranar ta cika, a zaɓi wata.

"Sake," na ce. "Zaɓi wata ranar. Kada a ce sa'a ce."

Ta sake har sau huɗu, duk ranar da ta cika sai Aku ya faɗa. Sannan ta kashe, ta naɗe wayoyin ta sa a kwali.

Muka ci gaba da ɗaure kaya har rana ta yi sanyi, ɗan ɗakin aikin ya fara duhu. Ta kai hannu ta danna makunnin fitila, babu abin da ya faru. Ta sake dannawa. Muka ɗaga kai tare. Mazaunin ƙwan fitilar na lilo a silin, babu komai a cikinsa sai yanar gizo-gizo.

"Kai, Baba," ta ce, tana dariya tana share ido da bayan hannu.

Na je gidana na ciro ƙwan da ke kan keken ɗinkina, da sauran ɗuminsa. Ta cire takalmi ta hau kujerarsa, ta miƙa hannu sama tana laluben bakin mazaunin ƙwan. Ni kuma na riƙe mata kujerar da hannu biyu.